Gadon Bakin Taga

Talata, 2 ga Yuli, bayan magariba

An kwantar da Monowara Apa a ɗakinmu.

Na rubuta wannan layin na tsaya ina kallonsa. Shekara ashirin da ɗoriya ita ce babbar nas a ɗakin mata masu ciwon damuwa; Apa muke ce mata, wato yaya, kamar yadda ake kiran mace don girmamawa a nan. Ita ta koya mini gyaran gado, ita ta koya mini yadda ake daidaita fuska a gaban dangin mara lafiya. Yau ga ta a gadon bakin taga, sanye da rigar asibiti. Da la'asar aka turo ta daga ɗakin gaggawa. Idonta a rufe yake, amma ba barci take yi ba, don na ga yadda ta damƙe bakin zanin gado.

Dakta Anis ya ce gobe a wuce da ita Dhaka, babban birni. Kolpona Didi, wadda ke bin Apa a girma a cikinmu, ta tura ganyen pan ɗin da take taunawa kamar goro gefen kunci ta ce, "Dakta, a Dhaka wa ya san ta? Lamba za su ba ta su rataya a gado." Ya ce ba daidai ba ne mutum ya yi jinyar shugabarsa. Didi ta ce, "Ba daidai ba ne, amma a bar mana ita." Ya daɗe yana goge tabarau, sannan ya ce to, a gwada.

Ban ci abinci ba. Takalmana har yanzu da lakar safe, ban wanke ba.

Laraba, 3 ga Yuli, da azahar

Na ce wa mai keke ya bi ta kasuwar kifi. Ya ce, "Apa, can ai zagaye ne, ga ruwa ya kwanta a hanyar." Na ce ya bi dai.

Didi ta tara mu a ɗakin canja kaya: ni, da Rojina mai aikin dare, da Tumpa, ƙaramarmu, wadda bara ta gama makaranta. Ta ce daga yau ba a barin Apa ita kaɗai, ko banɗaki ta shiga ba a sa sakata. Wadda ta gaji ta faɗa, kada ta yi jarumta. Duk abin da aka gani, komai ƙanƙantarsa, a faɗe shi wajen miƙa aiki da safe.

Tumpa ta ce, "Didi, ni fa in ta kalle ni gwiwoyina kaɗawa suke yi."

Didi ta ce, "Janar ta ajiye bindiga, yarinya. Yanzu mara lafiya ce kamar kowa."

Janar shi ne sunan da Didi ta laƙaba wa Apa a bayan idonta, tun shekarar da ta hana ta hutun Puja, bikinsu na addinin Hindu. Su biyun ba su taɓa shan shayi tare ba. Amma jiya ita ce ta tsaya. Ni da ake ce wa 'yar gaban goshin Apa ko baki ban iya buɗewa ba.

Maƙogwaron Apa na ciwo saboda robar da aka zura mata don wanke mata ciki. Ruwa kawai ta kurɓa.

Alhamis, 4 ga Yuli, da yamma

Shohel ya iso daga Dhaka, ɗan Apa tilo. Na san shi tun yana zuwa ɗakinmu da jakar makaranta yana jiran uwarsa ta tashi aiki, yana ce mini Khala, wato inna. Yanzu ga tumbi ga waya biyu. Ya tsaya a bakin ƙofa ya karanta allon da ke sama, fuskarsa ta canza.

"Khala, mahaifiyata ba mahaukaciya ba ce."

Na ce, "Babu mahaukaciya a ɗakin nan, Shohel. Mutane ne da nauyi ya danne."

Ya zauna kusa da ita yana ba ta labarin cunkoson hanya da yadda jirgin ruwa ya makara. Ta juya ta fuskanci taga. Da zai fita ya tare ni a baranda ya ce, "An ce ke kika je gidan." Na ce masa lokacin ba da magani ya yi. Da na waiwaya na gan shi ya kifa kai a jikin ginshiƙi, kafaɗunsa na rawa.

Juma'a, 5 ga Yuli, da hantsi

Hutu. Ruwa tun asuba. Tumpa ta bugo ta ce Apa ba ta ci ba.

Asabar, 6 ga Yuli, bayan la'asar

Wanka. Tun Laraba muke ta zagaye maganar, ba wadda ta furta. Wa zai tuɓe wa Apa riga? Na ɗauko bokiti da tawul na tsaya kamar an dasa ni. Didi ta karɓe ta ce, "Ke kina son ta, shi ya sa ba za ki iya ba. Kawo." Ta kama Apa a kafaɗa kamar yadda take kama kowa, ta ce, "Tashi, Monowara, ruwa zai huce." Karo na farko ke nan da na ji sunan a bakinta babu Apa a jiki. Ta kuwa tashi.

Maƙwabciyar gadonta Jobeda Khala ce, tsohuwar da kogi ya cinye musu gona da gida, wadda duk damina sai an kawo mana ita. Ta san Apa sarai. Da aka dawo da ita daga wanka tsohuwar ta leƙo ta ce, "Babbar Sista, ashe ke ma?" Sai ta ƙara da cewa, "Kin yi sa'ar gado. Ta nan iska ke shigowa." Ta ɗauko matajinta ta hau taje mata kai. Apa ba ta hana ba.

Litinin, 8 ga Yuli, da rana

Ta yi magana.

Tumpa ce ta je auna mata jini. Apa ta dubi damtsenta ta ce a hankali, "A juye kika ɗaura." Tumpa ta sheƙo ofis da gudu kamar wadda ta ci jarrabawa. "Ta yi mini faɗa! Wallahi ta yi mini faɗa!" Didi ta ce, "Barka. Wa kika bari a wajenta?" Ta koma da gudun da ya fi na zuwa.

Apa ta ci 'yar shinkafa da miyar dal, cin tsuntsu.

Ni na ba ta maganin rana. Na zuba mata a tafi na miƙa kofi. Ta ce, "Na gode, Lutfa," da muryar nan tata ta da. Na kau da kai ina gyara labule har ta gama.

Talata, 9 ga Yuli, da hantsi

Rojina ta fashe wajen miƙa aiki. Ta ce ita kaɗai ce da mai shara duk dare, ido ɗaya kan Apa, ɗaya kan ɗaki guda. Wata ta yi ta kuka a ƙarshen ɗaki ba ta samu zuwa ba. Ta ce, "Su ma 'ya'yan wasu ne, Didi." Na zaci Didi za ta hau ta. Sai ta ce, "Gaskiyarki." Muka tura teburin nas zuwa tsakiyar ɗaki, inda ake ganin kowane gado. Ni da Tumpa za mu riƙa karɓar dare bi da bi mu taya ta. Rojina ta share ido ta buɗe kwanon abincinta, ta raba mana soyayyen gauta. Da yaji kamar ta zuba fushin a ciki.

Laraba, 10 ga Yuli, da asuba

Barci sama-sama. Maigidana Mijanur ya ce na yi magana cikin barci. Ban tambaye shi me na ce ba.

Alhamis, 11 ga Yuli, da yamma

Na zuba wa Jobeda Khala maganin wata. Ban kai ga miƙa mata ba Tumpa ta taɓa hannuna ta ce ƙasa-ƙasa, "Lutfa Apa, wannan ba nata ba ne." Allah ya kiyaye.

Didi ba ta ce komai a gaban mutane ba. Da aka tashi ta ja ni rumfar mai shayi a bakin ƙofar asibiti, ta sa aka kawo mana shayi da muri, guggurun shinkafa mai barkono. Ta ce, "Kullum ta kasuwar kifi nake ganin kekenki ya ɓullo. Kifi kike saye, ko hanya kike gudu?"

Ruwa na zuba daga bakin kwanon rumfar. Can sai na ji bakina na cewa, "Ta gidan Apa hanyar ta bi, Didi. Ranar nan ta share tsakar gida. Ta wanke tukunya ta kife. Ta zuba wa kaji tsaba. Ƙofar ma ba ta kulle ba." Iyakar abin da na iya ke nan.

Didi ta ce, "Kin je, kin same ta da rai, kin yi ihu mutane sun zo. Naki ya ƙare a nan. Sauran namu ne mu duka." Ta ce in zauna gida gobe da jibi, ita da Tumpa za su raba dutina. Na ce ba sai an yi haka ba. Ta ce, "Ba shawara nake ba ki ba. Yanzu ni ce Janar."

Na yi dariya har na ƙware da muri.

Asabar, 13 ga Yuli, bayan azahar

Na yi barci kamar an jefa dutse a rijiya. Na dafa kifin ilish. Mijanur ya ce ya ɗauka na manta hanyar kicin.

Lahadi, 14 ga Yuli, da yamma

Ni ce mai zama kusa da Apa da rana. Sauran sun yi barci, fanka na juyawa. Ba tare da ta kalle ni ba ta ce, "Me ya kai ki gidana?"

Na ce, "Ba ki taɓa makara ba, Apa. Ko da mijinki ya rasu bara, ana yin sadakar uku kika dawo."

Ta ce, "Da kin tsaya kan aikinki."

Ita ta koya mana cewa in mara lafiya ya faɗi irin wannan, kada a yi masa wa'azi, kada a lissafa masa ni'imomin da yake ciki, a zauna kawai. Na zauna. Daga baya na tambaye ta ko rasuwar ce, ko shirun gidan, ko ritayar da ke tafe.

Ta ce, "Da akwai dalili, Lutfa, da na gyara shi. Kin san ni. Wata safiya kawai na tashi na ji kamar an cika mini ƙirji da jiƙaƙƙen yashi. Wata da watanni ina zuwa aiki da shi, ina gaya wa mata su daure su ci abinci."

Wata da watanni. Kullum muna tare da ita, mu huɗu, mu da aikinmu shi ne gane wannan ciwon. Cewa muka yi Janar ta ƙara tsanani.

Talata, 16 ga Yuli, da safe

Rojina ta ce Apa ta yi barci har asuba. Ta cinye gurasarta da ƙwai. Ta taje kanta da kanta. Alhamdu lillahi.

Laraba, 17 ga Yuli, bayan la'asar

Rana ta fito yau, an shanya zannuwan gado a waya. Apa ta zauna a bakin gado ta ninke kayanta tsaf. Ta yi wa Jobeda Khala murmushi, ta tambayi Tumpa jikin mahaifiyarta. Dakta Anis ya ce in aka ci gaba a haka, mako mai zuwa sai gida. Shohel ya bugo yana ta godiya.

Da zan tashi ta riƙe hannuna ta ce, "Lutfa, na sha yi miki tsawa a gaban mutane. Ki yafe mini." Na ce babu komai, Apa, ai tarbiyya ce. Na fito zuciyata fes. Na saya wa yara gwaiba a hanya. Saura kaɗan in ce wa mai keke ya bi tsohuwar hanya.

Alhamis, 18 ga Yuli, bayan magariba

Zan rubuta shi yadda ya faru.

Wajen miƙa aiki da safe muna ta raha. Rojina ta karanta rahoton dare: barci lafiya, ci lafiya. Har ta rufe fayil sai ta ce, "Af, ta ari wayata ta kira maƙwabciyarta, ta ce ta kwashe kajin nan ta bar mata su." Tumpa ta ce, "Ni ma an yi mini kyauta," ta nuna agogon da ke maƙale a ƙirjinta. Agogon Apa ne na ƙirga bugun jini, wanda ko taɓawa ba ta bari a yi. Apa ce ta ce mata ta ɗauka a cikin loka. Ni kuma, da murmushina, na ce jiya ta nemi gafarata.

Didi ta daina tauna. Ta ciro pan ɗin ta nannaɗe a takarda. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

Ba sai ta faɗa ba. Apa da kanta ta koya mana, a wannan ofishin, tana buga tebur da biro: ranar da mara lafiya ya wayi gari fes babu dalili, yana rabon kaya yana neman gafara, ranar za ku buɗe ido. Kowaccenmu ta riƙe guntu ɗaya tana murna da shi. Sai da aka ajiye su a tebur ɗaya muka ga abin da suke.

Didi ta ce, "Wa ke duba bakinta in ta sha magani?"

Muka dubi juna.

Tumpa ta ce, "Didi, ta yaya zan ce wa Apa ta ɗaga harshe?" Rojina ta sunkuyar da kai. Ni na tuna labulen da nake gyarawa kullum. Didi ta ce, "Ni ma na kau da kai, ba sau ɗaya ba. Kunya ce za ta kashe mana ita. Lutfa, taso."

Muka ja labule muka kewaye gadon. Didi ta zauna a gefen katifa, abin da Apa ta haramta mana tun muna sababbi. Ba ta yi kwana-kwana ba, ta tambaye ta kai tsaye ko tana shirin sake yi.

Ban taɓa ganin fuska ta canza haka ba. Murmushin ya ɓace kamar an wanke allo. Ta ce, "Kolpona, ni za ki yi wa wannan tambayar? Ni na koya miki ita."

"Shi ya sa na iya ta."

"Tashi daga gadona."

"Zan tashi. Amma ko ki ba ni da hannunki, ko ni da Lutfa mu kwance gadon nan zare-zare. Na fi son ki ba ni da hannunki."

Mun daɗe a haka. A bayan labule Jobeda Khala na jan carbi da ƙarfi, ina jin don kada a ce tana saurare. Daga ƙarshe Apa ta sa hannu ta ciro wani ɗan ƙullin maganin da ta riƙa ɓoyewa, ta ajiye a tafin Didi ba tare da ta dube ta ba. Ba zan rubuta yawansa ba.

Ta ce, "Kun ji daɗi?"

Didi ta ce, "A'a."

Daga baya na shiga sito ɗauko auduga, na tarar da Didi zaune a kan kwali ta toshe baki da bakin sarinta. Na jawo ƙofar na tsaya a waje har ta gama.

Juma'a, 19 ga Yuli, da hantsi

Na je duk da hutu. Apa ba ta kalle ni ba.

Asabar, 20 ga Yuli, da yamma

Dakta Anis ya yi faɗa, kuma da gaskiyarsa. Ya ce abin da ya guda ke nan tun farko. Ya tambayi wace ce ta yi sake. Didi ta ce, "Ɗakin ne ya yi sake, ɗakin ne kuma ya gano. In hukunci za ka yi, fara da ni." Ya ce ba hukunci yake nema ba, so yake kada a sake. An fasa sallama, an canza magani, kuma zai riƙa zama da ita kullum bayan zagaye.

Sabuwar doka: mutum biyu wajen ba da magani, ɗaya ta ba, ɗaya ta duba. Ga kowa da kowa, don kada Apa ta ji an ware ta. Tumpa ta mayar da agogon cikin loka.

Yau ni ce mai dubawa. Na ce, "Apa, buɗe baki." Muryata ta fito kamar ta ɗan tsako. Ta buɗe. "Ɗaga harshe." Ta ɗaga, idonta a kan silin. Jobeda Khala ta wangale nata tun ba a zo kanta ba, ta ce, "Ni ko haƙoran ɓoyewa ba ni da su." Tumpa kaɗai ta yi dariya, ita ma ta haɗiye rabi.

Litinin, 22 ga Yuli, da rana

Ba ta magana da kowa. Didi ma "Sista" take ce mata, kamar baƙuwa. Ruwa ya dawo.

Talata, 23 ga Yuli, da rana

Haka dai.

Alhamis, 25 ga Yuli, bayan la'asar

Shohel ya zo da mota. Ya ji dalilin fasa sallamar. Ya ce asibitin ƙauye ne wannan, ya samo mata ɗaki na musamman a Dhaka, mai na'urar sanyi, inda ba wanda ya san ta. Ya ɗaga murya a ofis har masu jinya suka riƙa leƙowa. A raina na ce wataƙila shi ke da gaskiya, don a hannunmu muka kusa rasa ta. Didi ma ba ta yi musu ba. Ta ce uwarsa ce, amma a tambaye ta.

Ya durƙusa a gaban gadon ya ce, "Ammu, tashi mu tafi. Can za a girmama ki."

Ta daɗe tana kallon taga. Sannan ta ce, "Girmamawar ce ta kusa kai ni. Can zan ce musu ni nas ce, in yi musu murmushi, su ƙyale ni. Na san abin da ake faɗa a sallami mutum." Ta nuna mu da haɓa, ba ta dube mu ba. "Waɗannan sun daina jin kunyata. Bar ni a nan."

Shohel ya kalli Didi. Didi ta kalli silin tana tauna. Ya sallami direban, ya ce zai kwana biyu a garin.

Lahadi, 28 ga Yuli, da safe

Apa ta ce dal ɗin asibiti ruwa ne zalla, wanda ya dafa ya ji tsoron Allah. Rojina ta karanta mana a rahoto: "Mara lafiya ta yi ƙorafi." Didi ta ce wannan ya fi mata murmushi goma.

Laraba, 31 ga Yuli, bayan la'asar

An kawo mana sabuwa, yarinya mai jego da ta kasa ɗaukar jaririnta. Tumpa ce ke karɓar ta. Na ga Apa na bin su da ido, har ta yunƙura za ta sauko. Didi ta ce, "Monowara, ina za ki?" Ta ce yarinyar can ba ta iya tambaya ba. Didi ta ce, "Za ta koya. Ke kwanta, ba ki da duti." Na zaci za ta yi fushi. Sai ta koma ta kwanta, ta ja zani, ta fara kuka.

Ba mu taɓa ganin hawayenta ba, ko a gidan makoki. Kuka ne mai sauti, irin na yara. Na ja labule na zauna, Didi ta je ta karɓi aikina. Ta yi ta ambaton abubuwa ba a jere ba: tabarmar sallar mijinta da har yanzu ba ta naɗe ba, yadda take dafa shinkafar mutum biyu ta zuba wa kaji rabi. Da ta gaji ta ce, "Ba ni ruwa." Ta sha ta yi barci.

Asabar, 3 ga Agusta, da rana

Sauƙin wannan karon ba shi da kyan gani. Yau ta ci, gobe ta ƙi. Jiya ta ce wa Rojina da bakinta, "Tunanin ya dawo, zauna kusa da ni." Rojina ta zauna. Da safe ta faɗa mana, muka faɗa wa Dakta. Ya ce bai ji magana mai daɗin wannan ba a daminar nan.

Na bi tsohuwar hanya yau. Ƙofar a kulle take, kajin na kiwo a gaban gidan maƙwabciya. Na kalla har muka wuce.

Alhamis, 8 ga Agusta, da yamma

An sallame ta, za ta yi babbar salla a waje. Ba gidanta za ta koma ba tukuna, gidan ƙanwarta Anowara ne a tsallaken kogi, inda jikoki suka cika tsakar gida. Maganin yana hannun Anowara. Didi ta zaunar da ita ta koya mata komai, har da duba baki. Anowara ta dafe ƙirji ta ce, "Ni in ce wa yayata haka?" Apa ta ce, "Za ki ce." Mun raba Juma'o'i a tsakaninmu, kowacce da ranar da za ta tsallaka ta duba ta. Maganar dawowa aiki ba a yi ta ba.

Jobeda Khala ta ce tunda an tashi, ita ce magajiyar gadon taga, ta kwashe kayanta ta koma tun ba a canza zani ba. Apa ta tsaya a bakin ƙofa, Shohel na riƙe da jaka da lema. Ta yi wa kowa sallama. Da ta zo kan Didi sai ta ce, "Har yanzu ban yafe miki ba."

Didi ta ce, "Allah ya sa ki shekara talatin ba ki yafe ba."

Alhamis, 22 ga Agusta, bayan azahar

Ranar dawowarta ganin likita. An tura ni ɓangaren masu zuwa su koma gida, layi har baranda. Ina cikin kiran suna sai na hango ta can tsakiyar benci da kati a hannu, Anowara a dama, wata mai goyo a hagu. Ta rame, amma sarinta a goge yake tas. Na je na ce, "Apa, taso ki shiga, Dakta ba zai so ki jira ba." Ta ce, "Akwai mutane a gabana. Je ki."

Ina juyawa sai ga matar mai kantin magani na bakin kasuwa, wadda ba a gama faɗa mata abu gari ya ji. Ta washe baki. "Babbar Sista! Kwana biyu ba a ganin ki. An ce kin yi tafiya. Har kin dawo aiki?"

Na tsaya da katuna a hannu. Anowara ta buɗe baki za ta amsa, Apa ta dafa gwiwarta.

"Ban yi tafiya ba," in ji ta, da muryar da duk bencin ya ji. "Ciwon damuwa na yi. Na kwanta a sama wajen yarana, yau na zo ganin likita. Ke me ya kawo ki?"

Matar ta ce ƙafa ce, ta wuce.

Mai goyon da ke gefe ta juyo ta dubi Apa, ta daɗe tana duban ta. Sannan ta matso kaɗan ta ce a hankali, "Sista, ana warkewa?"

Apa ta ce, "Ana samun sauƙi. Wa ya rako ki?"

"Ba kowa."

"To zauna nan kusa da ni. In an kira ki, ki faɗa masa duka, kada ki rage komai."

Na koma na ci gaba da kiran suna. Da layi ya zo kanta na kira, "Monowara Begum." Ta ce, "Na'am," ta tashi ta shiga.